Shekarar da Fari Ya Yi Zaman Iyaka

Wahala dai na sha ta a shekarar nan, kuma ba wanda ya sha ta tare da ni sai san nan nawa, Fari. Duk wanda ya ce muku na je bakin iyaka na zauna ina cin shinkafar gwamnati gonata tana zama daji, ƙarya yake yi, ko da kawunku Sale ne ya faɗa, kuma na san shi ne ya faɗa. Kun taso kun ji ana ce mini Jakada, a makaranta ana ce muku 'ya'yan Jakada, har autarku ta taɓa tambayata ina na ajiye motata mai tuta. Ba ni da mota, ban taɓa riƙe muƙamin kowa ba, firamare ma ban ƙarasa ba. Ga inda sunan ya fito. Ku karanta ku huta da tambaya, ni ma in huta.

Shanun huɗa biyu gare ni a lokacin, Fari da Gajere. Ku da kuka saba da hayar tarakta ba lalle ku san wannan ba, don haka bari in faɗa muku: san huɗa kowanne da ɓangarensa. Tun suna 'yan maruƙa na hore su, Fari a hagu, Gajere a dama. In an ɗaura musu karkiya, Fari ya jingina da Gajere, Gajere ya tokare shi, da wannan turereniyar tasu ce kunya take fitowa a miƙe kamar an ja zare. Ka sauya musu wuri, ka ɓata ranarka. Ka raba su, ba ka da sa biyu, ba ka da ko ɗaya.

To da rani ɓarayin shanu suka shigo ƙauyenmu na bayan Ƙarfi suka kwashe abin da ke turke. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Gajere ya tsira ne don ƙafarsa ta kumbura, uwarku ta shigo da shi cikin gida tana gasa masa da ruwan zafi, ta ɗaure shi kusa da murhu kamar mai jego. Fari suka tafi da shi. Da bazara ta matso na aro san kawunku na haɗa da Gajere. Gajere ya dube shi sau ɗaya, ya kwanta a tsakiyar gona da karkiya a wuya. Na yi duka, na yi lallashi, na murɗa wutsiya. Sai da na kwance san aron sannan ya tashi.

Ana cikin haka dagaci ya aiko a kira ni. Ya ce an kama shanun sata a tsallaken Nijar, kuma ƙasashen biyu sun yi yarjejeniya cewa duk dabbar da aka sata aka tsallaka da ita, in an gano ta za a mayar wa mai ita. Ya ce akwai wani fari mai yankakken kunne irin nawa a ciki. Na koma gida na gaya wa uwarku. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ka je ka dawo ta titi," ta ce. "Ban da daji. Kada a kama ka da sanka a ce kai ne ɓarawon."

"Yo ni yaro ne? Gobe in je, jibi in dawo."

"Haka ka ce ranar da ka je Danja sayen taki."

Na hau mota a Malumfashi zuwa Katsina, daga can na ƙara gaba arewa, sannan babur ya kai ni wani ƙaramin shinge da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen wurin sun yi mini kirki gwargwadon abin da aikinsu ya bar su. Ni a zatona iyaka katanga ce. Ashe igiya ce mai tsummoki a ɓangarenmu, su kuma nasu dogon ƙarfe ne da aka ɗaura wa dutse a gindi. Tsakanin igiyar da ƙarfen akwai fili kamar tsawon gona guda, da wani babban gawo a tsakiya, da rijiya, da masallacin zana. Rijiyar nan kowa ita yake sha, masallacin nan kowa shi yake shiga. Kofur ɗin ɓangarenmu, Kofur Bala, matarsa 'yar ƙauyen tsallake ce, tuwonsa kullum daga ƙasar waje yake zuwa. Babban jandarman ɓangarensu, wani dogo siriri da suke kira Ajidan, shi kuma kayan shayinsa daga kasuwarmu ake sayo masa.

Shanun suna ɗaure a gindin gawon, masu su suna zazzaune. Tun daga nesa na hango Fari. Ya rame, amma shi ne. Na kira shi, ya juyo, ya zo ya goga mini majina a riga. Kofur Bala ya ce ba sai an nemi wata shaida ba, Ajidan ma ya gyaɗa kai. Na yi hamdala na fara kwance igiya.

"Malam Audu, ina za ka?" in ji Kofur.

"Gida mana."

"A'a. Sai an yi bikin miƙawa. Manyansu za su zo, manyanmu za su zo, su miƙa, mu karɓa, sannan mu ba ka."

"To ai ga shi kun karɓa."

"Ba mu karɓa ba. Su sun fito da shi daga ƙasarsu, mu bai shigo tamu ba tukuna."

"To yanzu a ina yake?"

Ya dubi Ajidan, Ajidan ya dubi butar shayinsa.

"Shina gindin gawo," in ji Ajidan.

Na tambayi yaushe ne bikin, suka ce ana shiri. Wannan kalmar, ana shiri, har yau ba na son jin ta. Da manyanmu suka shirya, nasu suka yi tafiya. Da nasu suka dawo, namu suka shiga taro. Da duka suka samu hali, sai gardama ta tashi a kan ɓangaren da za a kafa rumfa. Ni kuwa ga sa yana bukatar ci. Na je tsallake na sayo harawa, mutanen duwan, wato kwastan ɗinsu, suka ce abincin dabba ba ya fita daga ƙasarsu. Na dawo ɓangarenmu na sayo dusa, namu suka ce dusa 'yar hatsi ce, hatsi kuwa ba ya fita. Na ce to ba fita za ta yi ba, gindin gawo za ta. Suka ce gindin gawo ba ƙasarmu ba ce. Daga ranar na koma cusa ƙullin dusa cikin babbar riga, in ratso ta gaban igiya ina tafe kamar mai cikin tagwaye. Kofur Bala sai ya ɗaga kai sama yana kallon gajimare.

"Malam Audu, zaman iyaka ya karɓe ka," yakan ce. "Ƙiba kake yi kullum da safe."

A kwanakin farko ne wani ɗan tsamurmurin mutum ya ɓullo ta bayan shingensu da damin ciyawa a ka, ya wuce ni ko sallama babu, ya zube wa Fari, yana shafa masa doro yana kiransa Ɗan Baiwa. Na tashi na ce masa lafiya? Ya ce shi ne Isufu, shi ya sayi san a kasuwa da rana tsaka, gaban dillali da shaidu, awakinsa kaf ya sayar ya haɗa. Bai san na sata ba ne sai da jandarmomi suka zo ƙofar gidansa. Na so in ji tausayinsa, amma bai ba ni dama ba.

"Kai ne mai wanga sa?" ya ce. "Mi ka yi mishi? Wallahi ban taɓa ganin lalataccen sa irinai ba."

"Ka iya bakinka. Wannan san ya huɗe rabin gonakin garinmu."

"Huɗa? Na ɗaura mishi amalanke in tafi ɗaukar ruwa, sai shi kama dama, dama, dama, har mu dawo ƙofar gida. Sau nawa ina fita gida ina iske kaina gida! Mata na dariya, diya na dariya. Har rubutu na amso mishi wurin malam."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, rabona da dariya tun ranar sata. Na ce masa san hagu ne, ɗan'uwansa yake nema ya jingina da shi, in bai ji kowa a damarsa ba haka zai yi ta bi har ya zagayo. Isufu ya juya yana kallon Fari. Su can ƙasarsu yashi ce, da hannu suke noma, sa ɗaya suke ɗaura wa amalanke, bai taɓa jin wannan ba.

"Ashe kewa ce," ya ce. "Ni ina ta zagin uwatai."

Tun daga ranar kullum sai ya zo da ciyawa. Mu zauna mu yi ta musu, shi ya ce geronsu ya fi masararmu riƙe ciki, ni in ce ƙasar da ba ta yin masara ai hakuri ake yi da ita. Ya ce 'yan Najeriya hayaniya, na ce 'yan Nijar shayi. Sa ɗaya, masu shi biyu, ƙasa babu.

Sauran masu shanun ba su da irin hakurina, ko in ce ba su da irin uwarku. Kullum gari ya waye sai a ga turke ɗaya babu kowa, an bi ta daji. Yau a rasa biyu, gobe a rasa uku. Wani mutumin Matazu da muke kwana rumfa ɗaya ya yi ta jana mu tafi tare, na ƙi. Daga baya labari ya zo cewa ɓarayi sun tare shi a hanya sun sake karɓe shanun, ya isa gida da igiya kawai. Ana nan ana nan, wata safiya na duba gindin gawo, ba kowa sai Fari. Nan fa hankalin ma'aikata ya tashi. An riga an gaya wa manya cewa akwai shanun da za a miƙa. In Fari ya tafi, bikin ƙasa biyu ya zama na gawo da rijiya.

A ranar ce kuma uwarku ta kira ni a waya. Tun kafin ta yi magana na ji ƙarar ruwa a kan kwano.

"Kana ji?" ta ce. "Na uku ke nan. Kowa ya shuka. Masarar Yaya Sale har ta fito."

"Ana shiri," na ce.

"Shirin me? Gonarka ta zama wurin kiwon awakin unguwa. Ka kwanto shi ka taho ko ta ina ne."

"Ba ke kika ce ban da daji ba?"

"Da na faɗa ai ruwa bai sauka ba!"

Ban ɓoye muku ba, ranar na yi tunanin tafiya. Abincin shekara ne yake wuce ni ina zaune ina kallon jandarma yana wasa da kumfar shayi. In masara ta wuce lokacinta, ta wuce, ba ta san yarjejeniya ba, kuma ku ne za ku kwana da yunwa, ba manya ba. Amma na tuna mutumin Matazu da igiyarsa. Sannan na dubi Fari. Sa mai bin dama, in na shiga daji da shi ni kaɗai, ƙarshenta a ƙofar gidan Isufu za mu tsinci kanmu. Na ce wa uwarku ta nemi masu garmar hannu su shuka mata ko 'yar gonar bayan gida, ni ina nan. Ta kashe waya ba sallama.

Kofur Bala da Ajidan sun ji duk abin da aka faɗa. Ba su yarda da ni ba. Daga ranar aka ajiye benci a gindin gawo, ɗan sanda ɗaya namu, jandarma ɗaya nasu, kowa da bindigarsa, suna gadin sa. In zan kai shi rijiya su bi mu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kofur da bakinsa ya gaya mini cewa tun da aka fara maganar sintirin haɗin gwiwa a wurin, ba a taɓa yin sa kullum ba fashi ba sai a kan Fari. Da haka ake tsare dajin da aka bi da shi, da yana turkensa tun farko. Na faɗa musu haka, suka yi dariya, suka ce in gaya wa manya in sun zo.

Manyan dai sun zo daga ƙarshe. An raba gardamar rumfa, aka kafa ta daidai tsakiya, ƙafa biyu a nan ƙafa biyu a can. An ja layi da farar ƙasa a gabanta, aka ce shi ne iyaka. An wanke Fari da sabulun da ni ban taɓa wanka da irinsa ba, aka ɗaura masa ƙyallen tutarmu a ƙaho ɗaya, nasu a ɗayan. Motoci suka iso da jiniya, aka yi jawabi da Turanci, aka yi da Faransanci, sannan aka fassara duka da Hausa, wadda kowa a rumfar yake ji tun farko. Tsarin shi ne babbansu zai riƙo igiya ya jawo sa zuwa layi, babbanmu ya karɓa, ya ba ni, a ɗauki hoto. Na matsa kusa da wani mai riƙe da lasifika na ce masa ranka ya daɗe, san nan sai da wani a damarsa. Ya ce Baba koma ka tsaya inda aka ajiye ka.

Babbansu ya kama igiya, ya taho yana murmushi yana kallon masu hoto. Fari ya yi taku kaɗan a miƙe, sannan ya fara karkata. Dama, dama, dama. Mutumin ya ja, Fari ya ja, kuma kun san wanda ya fi ƙarfi. Suka zagaya bayan rijiya suka koma Nijar. Babbanmu yana tsaye a kan layi da hannu a miƙe. Aka tafa, don ba wanda ya san abin da ya kamata a yi. Aka sake. Wannan karon wani soja ya taya ja, Fari ya zagaya da su duka biyun, ya ture kujerun roba, ya sake komawa Nijar. Na ji wani a rumfa yana cewa san ya zaɓi ƙasa. Fuskar babbanmu ta canja. Wani na kusa da shi ya raɗa masa magana, na ji kalmar ɗagewa a ciki. A ɗage biki. Ni an hana ni tsallake layi, ina ɓangarenmu ina kallo.

Sai ga Isufu ya ratso cikin 'yan kallo na ɓangarensu. Bai tambayi kowa ba. Ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu, ya zo damar Fari, ya duƙa ya sa kafaɗarsa a wuyansa, ya tokare shi. Mutumin da ko nauyin buhun dusa bai kai ba. Fari ya ji mutum a damarsa, ya sauke numfashi, ya jingina.

"Ja, ranka shi daɗe," in ji Isufu. "Miƙe dai."

Suka taho su uku a miƙe kamar an ja zare, babban mutum a gaba, sa a hagu, Isufu a dama yana nishi, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Suka tsallake farar ƙasa. Babbanmu ya karɓi igiya ya miƙo mini, aka yi ta walƙiyar hoto. Wani ma'aikacinmu mai tsananin bin doka ya matso ya ce wannan mutumin da izinin wa ya shigo ƙasa? Kofur Bala ya ce masa yallaɓai ba mutum ba ne, san dama ne. Ajidan ya ce shi ma haka ya gani.

Mai lasifika ne ya jawo mini sunan. Ya ce ga wani manomi daga kudancin Katsina wanda ya yi hakuri ya bi doka, shi ne jakadan zumunci tsakanin ƙasashen nan biyu. Aka sa a rediyo, garinmu kaf suka ji. Sunan Isufu ba wanda ya tambaya. A hoton ma an ce kafaɗarsa kawai ta fito. Shi ya rasa awaki, ya rasa sa, ɓarawon da ya cuce mu mu biyu ba a kama shi ba, kuma shi ya turo san da kafaɗarsa ya fitar da shi daga ƙasarsu. Da manya suka watse na same shi a gindin gawo yana murza wuya.

"Nauyi garai," ya ce. "Ka gaida wancan na dama. Ka ce mishi na san abin da yake sha."

Motar da aka yi mini alkawarin za ta kai ni gida da Fari ta bi manya ta tafi. Kofur da Ajidan ne suka tsayar da wata babbar mota da ta sauke kaya za ta kudu, ɗan sanda da jandarma da Isufu da ni muka tura Fari ciki. Da kaka kuwa na cika buhu da abin da Allah ya ba ni na aika wa Isufu. Hatsi ba ya fita, na sani. Yadda buhun ya isa, wannan ba zan rubuta ba.

Na iso gida da la'asar sakaliya. Masarar mutane ta kai gwiwa, tawa gonar ciyawa ce har ƙugu. Kawunku yana zaune a ƙofar gida, ya miƙe ya cire hula ya ce sannu da sauka Jakada, yara suka ɗauka, shi ke nan. Uwarku ba ta ce mini sannu ba, ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa, amma na ga ta zuba wa Fari dusar da ta fi tuwon nawa yawa. Gajere kuwa tun muna bakin gari ya fara kuka, ya tsinke igiya ya fito, suka tsaya suna shinshinar juna a tsakiyar hanya, babura suna kauce musu. Masara ta riga ta wuce ni a shekarar. Mun ci tuwon dawa da wake har wata damina, kun yi ta ƙorafi, na ji ku.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauko karkiya, na kaɗe mata ƙura, na kora su gona. Fari a hagu, Gajere a dama. Na kafa garma na ce mu je. Da muka kai ƙarshen gona na waiwaya na dubi kunyar. A miƙe take.